Jinin dasashi ga yaro mai asma: kada a ɓoye inhela, a gyara yadda ake shaƙa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da iyayen yaran da ke fama da asma, da kuma abokan aikinmu da ke rubuta musu magani. Mu ma'aikatan lafiya ne, wasu a ɓangaren haƙori, wasu a ɓangaren yara. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani kuskure da ya zama ruwan dare a gidaje. Yaro zai fara shaƙar inhela, bayan 'yan watanni uwa ta ga jini a buroshinsa ko a jikin raken da yake sha, bakinsa kuma na wari da safe, sai a yanke hukunci cewa maganin ne ya yi masa ƙarfi. A ɓoye inhela a ƙasan akwati, a kuma daina goge masa baki don kada a fama masa ciwo. An gudu ke nan ba a tsira ba. Ɓoye inhela na iya kai yaro ɗakin gaggawa da tsakar dare, barin goge baki kuma shi ne ainihin abin da ke ƙara wa dasashin kumburi.

Asma ba cutar da ake wasa da maganinta ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke ɗauke da ita, ta kuma kashe mutum 455,000 a shekarar, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi inda magani ke wuyar samu. A cikin cututtukan da ke daɗewa a jiki, ita ce ta fi yawa ga yara. Don haka duk abin da za mu faɗa a ƙasa, mun ɗora shi ne a kan sharaɗi ɗaya: yaro ya ci gaba da shan maganinsa yadda likita ya tsara.

Gaskiya ne yara masu asma sun fi sauran yara samun kumburin dasashi da ruɓewar haƙori. Wani nazari da aka buga a 2011, wanda ya tattara binciken ƙasashe daban-daban, ya nuna haɗarin ruɓewar haƙori gare su ya kai ninki biyu. Amma dalilin bai tsaya ga magani ba, kuma tushensa bushewar baki ne.

Aikin yawu ya wuce jiƙa loma. Shi ke wanke ragowar abinci daga gindin haƙori, shi ke kashe kaifin tsamin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa idan sun samu sukari, yana ɗauke da sinadaran da ke hana su yaɗuwa, yana kuma mayar wa ɓawon haƙori da kalsiyam ɗin da tsami ya zare. Da zarar mutum ya yi barci yawu yana raguwa ƙwarai, ko ga mai lafiya. To ga yaro mai asma abubuwa uku ne ke taruwa a kansa. Na farko hanci. Yawancin yaran nan suna da toshewar hanci da atishawa na borin jini, wasu kuma tsokar bayan hanci ce ta kumbura, sai su kwana baki buɗe, iska na shiga tana fita ta kan dasashin gaba har gari ya waye. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar kanta busasshiya ce ga ƙura, abin sai ya ninku. Na biyu shuɗiyar inhela, wato salbutamol, wadda aka fi sani da Ventolin. Tana buɗe hanyoyin iska, amma irin wannan magani yana taɓa gurbin da ke samar da yawu. Wani bincike a Sweden ya gano yawun masu amfani da shi a kai a kai ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Na uku magungunan mura irin su Piriton, waɗanda ake ɗirka wa yara da dare ba tare da wani ya rubuta ba, su ma suna ƙafar da baki.

Uwa za ta iya gane wannan da idonta. A fita da yaro tsakar gida inda akwai hasken rana, a ɗaga leɓensa na sama. Lafiyayyen dasashi yana da tauri, ya kama wuyan haƙori tsam, tsinin naman da ke tsakanin haƙori da haƙori siriri ne mai kaifi. Duhu-duhu ko baƙin da ake gani a jikinsa halitta ce gare mu baƙar fata, ba ciwo ba. Na yaron da ke kwana baki buɗe kuwa, gefen da ya kewaye haƙoran gaba huɗu zuwa shida na sama zai yi ja wur, ya tasa, yana sheƙi, tsinin nan ya zama dunƙulalle, ana taɓa shi da buroshi sai jini. Sau da yawa har iyaka ake gani: inda leɓe ke rufewa lafiya lau, inda iska ke bugawa ya yi ja. A gindin haƙoran za a tarar da wata dauɗa fara-fara mai yauƙi, wadda farce ke iya kankarowa. Wannan dauɗar tarin ƙwayoyin cuta ce, ita ce ke kumbura dasashi. Bushewa da magani share mata fage kawai suke yi.

An tabbatar da haka tun 1965 a Denmark, inda aka sa mutane masu lafiyayyen baki suka daina gogewa gaba ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 dukkansu dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa kuma ya warke cikin kamar mako ɗaya. Wannan ya isa amsa ga mai cewa a bar baki ya huta don yana jini.

Sai inhelar rigakafi, mai ɗauke da sitiroyid, wato maganin da ke rage kumburin hanyoyin iska: beclometasone da aka saba gani a ruwan ƙasa, da budesonide, da fluticasone, ko waɗanda aka haɗa da wani magani irin su Seretide da Symbicort. Ita ce iyaye suka fi tsoro, ita ce kuma muka fi son mu kare. Idan aka fesa ta kai tsaye cikin baki, kaso mafi yawa na maganin, har kusan kashi 80 cikin 100, ba ya isa huhu. A harshe da ganɗa da maƙogwaro yake sauka. Can ba shi da wani amfani, illa ya raunana garkuwar fatar baki, sai kandida, wata ƙwayar cuta dangin yis da dama can tana zaune a bakin mutane da yawa ba ta damun kowa, ta samu sarari ta yaɗu. Za a ga farare-fararen abu kamar gudajin kindirmo a harshe da cikin kumatu da ganɗa, idan aka goge sai ƙasan ya fito ja, wani lokaci da ɗan jini. Muryar yaro na iya dishewa. Duk wannan daga maganin da ya ɓata hanya ne, ba daga wanda ya shiga huhu ba. Shi wanda ya shiga huhu taimakon dasashi ma yake yi a fakaice: idan asma ta kwanta, yaro zai rage buƙatar shuɗiyar inhela, ya rage haki da baki, ya daina tashi da dare ana ba shi ruwan zuma. Yaron da ke neman shuɗiyar inhela fiye da kwana biyu a mako, ko yake ƙarar da gwangwani uku a shekara, asmarsa ba ta kwanta ba, a mayar da shi wajen likita a sake duba tsarin maganinsa.

Gyaran farko, wanda ya fi kowanne tasiri, shi ne gorar shaƙa da ake kira sifesa. Roba ce mai faɗi da ake cusa inhela a gindinta, yaro ya kama ɗaya bakin. Manyan ɗigon maganin da da za su manne a maƙogwaro sai su manne a jikin gorar, ƙananan da ke iya kaiwa huhu su tsaya a iskar ciki har yaro ya ja su. Ga yadda ake yi. A zaunar da yaro a miƙe ko ya tsaya. A cire murfin inhela, a girgiza ta sosai, a cusa a gorar. Yaro ya sa bakin gorar tsakanin haƙoransa, leɓe ya rufe ruf, harshe a ƙasa. A danna sau ɗaya tak, ya yi numfashi a hankali sau biyar ko shida ba tare da ya cire baki ba. Idan an rubuta feshi biyu, a jira kamar daƙiƙa 30, a sake girgizawa, a sake dannawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne danna biyu ko uku a jere don a gama da wuri; ɗigon sai su haɗe da juna su faɗi a cikin gorar, yaro ya tashi da kaɗan. Yaron da bai kai shekara 4 ba ana amfani da mai marfin fuska, wanda ke rufe hanci da baki, kuma dole ya zauna daram ba kafar iska. Yaro yana tsala kuka maganin ba ya shiga, gara a lallashe shi tukuna. Bayan an gama a goge masa fuska da jiƙaƙƙen tsumma, domin sitiroyid da ya zauna a fatar gefen baki yana kawo ƙuraje.

Mun san sifesa ba ta samuwa a kowane kemis, inda ake samu kuma kuɗinta na iya fin ƙarfin mai gida. Akwai mafita da aka gwada a asibiti. Likitocin yara a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu sun buga bincike a 1999 da ya nuna gorar roba ta mililita 500 tana aiki daidai da ta kanti wajen isar da maganin buɗe ƙirji. A samu gorar ruwan sha mai ɗan tauri, a wanke, a cire murfin. A aza bakin inhela a gindin gorar a zana shi da biro, a huda da waya mai zafi ko wuƙa, ramin ya ɗan gaza zanen domin inhela ta shiga da ƙyar ta kama. Idan akwai kafa a liƙe da salatif. Yaro ya shaƙa ta bakin gorar. Ko ta kanti ce ko ta gida, a wanke ta sau ɗaya a wata da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke na ruwa, a kife ta bushe da kanta. Kada a goge cikinta da tsumma: gogar roba na sa ta riƙa jan ɗigon maganin suna mannewa a jikinta. Gorar gida idan ta lotse ko ta tsage a sake wata. A lura kuma, sifesa ta inhela mai feshi ce kawai. Mai gari, wadda ake murɗawa ko a buɗe a zuƙa da ƙarfi, ba a haɗa ta da gora, kuma ba a cika ba yaron da bai kai shekara 6 ita ba don ba zai iya zuƙa da ƙarfin da ake so ba. Da yawa daga cikin masu garin ana cakuɗa su da sukarin madara, wasu kuma suna da ɗan tsami, don haka wankin baki bayansu ya fi zama dole.

Gyara na biyu kurkure baki, duk lokacin da aka shaƙi inhelar rigakafi. Yaro ya guntsi ruwa, ya kaɗa shi tsakanin haƙora kamar daƙiƙa 15, ya ɗaga kai ya kurkure har maƙogwaro, ya tofar, ya maimaita. Tofarwa ake so, ba haɗiyewa ba. Yaron da ya iya alwala ya riga ya iya wannan, abin da ya rage a tuna masa. Ƙaramin da bai iya tofarwa ba a naɗe tsumma mai tsabta a yatsa, a jiƙa, a goge masa dasashi da harshe da cikin kumatu, sannan a ba shi ruwa ya sha. Dabarar da ta fi ɗorewa ita ce a ajiye inhelar rigakafi kusa da buroshi: safe da dare, a shaƙa, a kurkure, a goge baki. Kowanne na tuna wa uwa ɗan'uwansa. Amma idan asma ce ta tashi yaro na haki, a manta da zancen kurkura har numfashi ya daidaita.

Shi kansa goge bakin akwai yadda ake yinsa, kuma a nan aka fi sakaci. Sau biyu a rana, minti biyu kowane lokaci, na dare shi ne wanda ba a fashi, bayansa kuma ba abin da zai shiga baki sai ruwa. Buroshi ya zama mai ƙaramin kai da laushin gashi. Mai taurin nan da manya ke so yana yanka kumburarren dasashi. A karkata gashin buroshi ya kalli inda haƙori ya haɗu da dasashi, a riƙa ɗan jujjuyawa a hankali, haƙora biyu-biyu, ta waje da ta ciki da saman turame. Yara sukan goge tsakiyar haƙoran gaba su bar gindin, alhali a gindin dauɗar take. Ga yaro mai kwana baki buɗe, uwa ta ɗaga leɓen sama da yatsa ɗaya ta goge layin nan da kanta. Hannun yaro ba ya ƙwarewa sai ya kai shekara 7 ko 8, kafin nan babba ne ke gogewa, ya tsaya ta bayansa, kan yaron jingine da jikinsa. A kula da turmin farko na dindindin da ke fitowa wajen shekara 6 a can ƙurya, bayan haƙoran nono. Ba gurbin wani haƙorin nono da ya faɗi yake mayewa ba, shi ya sa iyaye ke ɗaukarsa na nono su ƙyale shi ya ruɓe.

Man goge baki a juya bayan kwalinsa a karanta. Ana son fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori, aƙalla 1000 ppm (ppm shi ne ma'aunin yawansa a cikin man), ga wanda ya wuce shekara 6 kuma 1350 zuwa 1500 ppm. Wasu mayukan da ake tallata su da sunan na ganye babu fuloraid a cikinsu sam. Yaron da bai kai shekara 3 ba a shafa masa kwatankwacin ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 ƙwayar wake. Cika buroshi daga kai zuwa gindi aikin masu talla ne. Bayan gogewa a tofar da kumfa kawai, kada a bi da ruwa, domin a bar fuloraid ya kwana a jikin haƙori. Wannan shi ya sa muka ce kurkura ta riga gogewa. A garuruwan da ruwan burtsatse ke da fuloraid fiye da kima, irin abin da ya taɓa faruwa a Tibiri ta jihar Maraɗi, sai a ƙara sa ido kada yaro ya riƙa haɗiye man. A canza buroshi duk wata uku, ko da zarar gashinsa ya baje, ko bayan an gama maganin kandida.

Idan aka fara wannan, jinin zai ci gaba na 'yan kwanaki, wani lokaci ma ya fi na da. Kada a tsaya. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ya kamata ya ɗauke. Ruwan gishiri, rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, yana rage raɗaɗi ga yaron da ya iya tofarwa. Idan mako biyu ya cika ba canji, akwai yiwuwar dauɗar ta riga ta daskare ta zama tsatsa, wadda buroshi ba ya iya cirewa, sai a asibiti.

Asuwaki yana da kyau, muna kuma ƙarfafa shi da rana, musamman lokutan salla. A tauna kamar santimita ɗaya har ya yi laushi, a goge daga dasashi zuwa bakin haƙori, a yanke tsohon kan kullum. Dirza shi a kwance da ƙarfi yana janye dasashi, kuma ba ya isa bayan turame da kyau, don haka ba ya maye gurbin buroshi da man goge baki na dare. Gawayi da toka da ɗanyen gishiri da kanwa da wasu ke dirza wa yara don jinin ya tsaya, kankare ɓawon haƙori suke yi su ƙone naman. Ruwan wankin baki na kanti mai ɗauke da barasa yana ƙara bushewa. Ruwan wankin baki na chlorhexidine kuma magani ne na ɗan lokaci da likita ke rubutawa, ba a wuce mako biyu da shi, yana rina haƙori, ba a kuma ba yaron da zai iya haɗiyewa.

Zancen zaƙi ba sai mun tsawaita ba, amma akwai wanda ya keɓanta ga waɗannan yara. Bakinsu a bushe yake, kullum suna jin ƙishi, abin da ke hannu kuma shi ne zoɓo da kunun zaƙi da lemon kwalba. Zoɓo ya haɗa tsami da sukari. Ana ba su alewar tari su tsotsa, ana ba su zuma cokali-cokali da tsakar dare, ga maganin tari na ruwa da akasarinsa sukari ne. Yawan lokutan da zaƙi ke shiga baki ya fi yawan zaƙin kansa ɓarna, domin duk shiga ɗaya baki na ɗaukar rabin sa'a ko fiye kafin tsaminsa ya kwanta, ga mai ƙarancin yawu kuma ya fi haka. A haɗa zaƙi da lokacin cin abinci, a sa wa yaro gorar ruwa zalla a jakar makaranta da ta Islamiyya, a ajiye wata a gefen shimfiɗarsa. Idan dole ne a sha maganin ruwa da dare, a sha kafin goge baki. Salbutamol na ruwa ko na ƙwaya da har yanzu ake sayarwa, likitocin yara ba sa son sa idan akwai inhela: yana jinkirin aiki, yana sa rawar hannu da bugun zuciya. Yaro babba, daga shekara 6, zai iya tauna cingam marar sukari na minti 10 bayan abinci don ya tsinko yawu. Wasu masu asma kuma suna fama da ƙwarnafi, tsamin ciki na tasowa yana cinye haƙoran sama ta ciki. Bayan amai ko tasowar tsami a kurkure da ruwa, a jira aƙalla rabin sa'a kafin a sa buroshi, don a lokacin ɓawon haƙorin ya yi laushi.

Duk wannan ba zai ɗore ba matuƙar hanci na toshe. A nisanta yaro da hayaƙin icce da na janareta, da turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa. Gidan sauro ya wadatar. A yayyafa ruwa kafin shara. Ɗigon ruwan gishiri na hanci kafin barci yana taimakawa, a kuma shafa man kaɗanya a leɓe. Maganin buɗe hanci na ɗigawa irin su Otrivin ba a wuce kwana biyar zuwa bakwai da shi, in ba haka ba toshewar na dawowa fiye da da. Yaron da ke minshari kullum, ko numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, a kai shi wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ba wajen wanzami a cire beli ba. Akwai kuma wata sabuwar ɗabi'a da ake yaɗawa a intanet ta liƙe baki da filasta lokacin barci don a tilasta numfashi ta hanci. Kada a kuskura a yi wa yaro mai asma haka.

Kandida idan ta fito ba a daina inhela. Ana zuwa asibiti a karɓi nystatin na ruwa, yawanci mililita 1 sau huɗu a rana bayan abinci, a riƙe a baki kafin a haɗiye, na mako ɗaya, a ƙara kwana biyu bayan farin ya ɓace. Idan ba a gyara yadda ake shaƙa ba za ta dawo.

Ganin likitan haƙori kuma duk wata shida ya dace da waɗannan yara, ko babu ciwo. A tafi da shuɗiyar inhela da gorarta, a faɗa wa likita sunayen magungunan da yaro ke sha, da ranar da asma ta tashi ta ƙarshe, da ko an taɓa kwantar da shi, da ko ya sha prednisolone, wato sitiroyid na sha, kwanan nan. Ranar da yake tari ko ƙirjinsa na kuka a ɗage aikin. Tsoro kansa yana tayar da asma, don haka zuwan farko ya zama na dubawa kawai. Maganar cewa wankin haƙori na asibiti yana sa haƙora girgiɗi ko wushirya ba ta da tushe; tsatsar ce ta cike gurbin da ta riga ta ci, idan an cire ta sai gurbin ya bayyana. Ga abokan aikinmu kuma: man fuloraid mai ƙarfi da ake shafa wa haƙoran yara, wasu nau'o'insa na ɗauke da ƙaron itace da ke iya tayar da borin jini, ba a shafa su ga yaron da aka kwantar kwanan baya saboda asma mai tsanani, sai a nemi wanda babu shi. Don ciwo farasitamol ne zaɓin farko, miligiram 15 ga kowane kilo na nauyin yaro, duk sa'a shida, kada a wuce sau huɗu a yini. Asfirin ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba. Ibuprofen da diclofenac suna tayar da asmar wasu yara, kada a saya a kemis sai likita ya amince.

Ba kowane jinin dasashi ne na asma ko na rashin gogewa ba. Jinin da ke zuba da kansa ba a taɓa ba, tare da haɓo ko tabon jini a fata, da ɗashewar tafin hannu da zazzaɓi, yana buƙatar gwajin jini a ranar. Dasashin da ya yi kauri yana neman rufe haƙora ga yaron da ke shan phenytoin don farfaɗiya, maganin ne, likitansa zai duba. Sai wanda ya fi gaggawa a yankinmu: yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 mai tamowa, ko wanda ya tashi daga ƙyanda, dasashinsa ya yi gyambo mai toka-toka, bakinsa na ɗoyi, yana dalalar da yawu, kumatu ya fara kumbura. Wannan farkon cutar noma ne mai zaizaye fuska, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamba 2023, kuma akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato. A wannan matakin maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita, amma kwanaki kaɗan ne tsakani.

Roƙonmu ga masu duba yara masu asma shi ne su ƙara rabin minti a kan abin da suka saba: bayan sauraron ƙirji a ɗaga leɓe, a duba harshe, a sa uwa ta nuna yadda take ba da inhela a gabansu. Ranar Lafiyar Baki ta Duniya 20 ga Maris ce, Ranar Asma kuma Talatar farko ta watan Mayu, kowane ɓangare na yin nasa taron shi kaɗai. Da za a gayyaci juna da iyaye sun ji maganar daga baki ɗaya. Masu kemis kuma, duk wanda ya zo sayen inhela ta yaro a tambaye shi ko yana da gorar shaƙa. Idan babu, kuma babu kuɗinta, a ɗauko gorar ruwa a nuna masa inda zai huda.

Wassalam.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiyar haƙori da na yara,
Kano.